Talatin da Biyu ko Sittin da Huɗu

Wata uku bayan rasuwar maigidana, wutar lantarki ta dawo da ƙarfi a unguwarmu ta Tayuri, a garin Sabha na Libiya, ta ƙone tsohuwar kwamfutarsa. Shi mai ɗinkin wuyan riguna ne, kwamfutar ce take gaya wa injin ɗinkinsa inda allura za ta bi. Zanen ɗinkin da ya yi shekara da shekaru yana tarawa ya rage ne kawai a cikin wani ɗan kile, irin wanda ake soka wa kwamfuta. Na ƙulle shi a bakin zanena, ko wanka zan shiga sai na taɓa na ji yana nan.

Na sayi sabuwa, na kai ta wurin wani muhandis, mai gyaran kwamfuta ɗan Libiya, a unguwar Abdulkafi don ya zuba mata tsarin da zai tafiyar da ita. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Hajja, mai talatin da biyu ko mai sittin da huɗu?"

Ni da ko lambar wayata sai an karanta mini. Na ce ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce sittin da huɗu shi kowa yake sawa yanzu, ya fi sauri, amma manhajar injin mijina tsohuwa ce tukuf, mai yiwuwa ta ƙi tashi a kansa. Talatin da biyu kuwa zai sa sabuwar kwamfuta ta riƙa jan ƙafa, kuma ko a kansa bai ɗaukar mini alkawari ba.

Wallahi idan zanen nan ya ƙi buɗewa, injin ya zama ƙarfen banza, ni kuma sai in tattara yara mu koma Damagaram hannu rabbana. Muhandis ya ce in ba shi kilen ya gwada. Na hana. Tsoro nake kada ya soka shi komai ya goge, sai da ya rantse mini sau biyu sannan na kwance bakin zanena. Ya soka, ya ce zanen yana nan, amma ba za a san ko zai yi aiki ba sai an haɗa da injin.

Na ce, "Sa mini ƙaramin. Ai mai zanen ma ba mai sauri ba ne."

Da la'asar na dawo gida, na haɗa wayoyin yadda na sha ganin maigidana yana yi, na ɗaura ƙyalle. Sunayen zanen suka fito da irin rubutunsa na ɗan makarantar boko da bai gama ba, ban iya karanta su ba amma na saba ganin su. Na danna na farko.

Injin ya yi shiru. Can sai allura ta sauka, ta fara daga hagu, ta zagaya ta dawo ta ninka kan kusurwa sau biyu, yadda maigidana kaɗai yake yi a duk Sabha. Na fita tsakar gida da gudu ba takalmi. Na san inji ne, amma na kasa komawa ɗakin sai da ya gama.