Sola a Kan Ɗakin Tantabarun Hajja

Shekarar da aka riƙa ɗauke wuta a Alƙahira da rana tsaka, muna haya a wani tsohon bene a unguwar Abbasiya, ni da maiɗakina da 'yarmu ƙarama. Mu da muka taso a Kano ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne, har dariya nake wa Misirawa in na ga sun rikice. Dariyar ta tsaya ranar da likita ya ce yarinyar tana da ciwon suga. Allurarta sai a firji. In zafi ya taɓa ta lalacewa take, kuma ba ka ganewa sai jikin yarinya ya nuna.

Na yanke shawarar sa sola, faifai ɗaya a saman bene da batirin da zai riƙe firjin. Sai na bi hanyar da na sani a gida. Na nemi dattijon da ya fi kowa furfura a benen, na zuba babbar riga, na kai masa kilishi, na rusuna kamar gaban mai unguwa. Ya saurare ni tsaf, ya ce tamam, wato ya yi, in sha Allah. A wurina magana ta ƙare, babba ya yarda. Na sayo kaya, muka kinkima har ƙofar sama, muka tarar da kwaɗo.

Maigadi ne ya wayar mini da kai. Saman benen na duk masu gidajen ne, suna da ƙungiya, kuma dokarsu ta hana a ƙara komai a kan abin da ke can tun da. Dattijon nawa kuwa ba shi da ko muƙamin ajiye tsintsiya. Kilishin dai ya ci abinsa.

Aka kira taro a bakin matakala. Ɗan haya ba shi da baki, don haka na raɓe gefe rungume da faifaina, ana ta yanke hukunci a kaina. Wani ya ce nauyi zai tsaga rufi. Wani ya ce in an bar ni, gobe kowa zai hau da nasa. Shugabansu, mutumin kirki ne, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, doka ce. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ban san abin da zan koma in gaya wa uwar yarinya ba.

Akwai wata tsohuwa a hawa na ƙarshe, kowa Hajja yake ce mata. Tana da ɗakin tantabaru a saman tun kafin a kafa ƙungiyar, shi ya sa doka ba ta taɓa shi ba. Ni da tantabarun nan ba ma ga maciji, sun sha ɓata mana shanya a baranda. Ta tambayi shugaban ko an hana ta gyara ɗakinta, ya ce ko kusa.

"To, rufinsa ya ruɓe, canzawa zan yi," in ji ta. Ta nuna ni da sandarta. "Ga sabon rufin can a hannun ɗana."

Shugaban ya shafa gemu, ya ce khalas, shi ke nan, gyara haƙƙinta ne. Na ga alama shi ma hanya yake nema.

Washegari muka kafa faifan. Da aka ɗauke wuta da azahar, fanka ta tsaya, benen ya yi shiru, maiɗakina ta kanga kunne a jikin firji. Yana ta gurnaninsa. Nan ta zauna a ƙasa tana hawaye tana sa wa Hajja albarka.

Tantabarun ba su sake hali ba, yanzu a kan faifan suke kashi. Duk Juma'a nakan hau da bokiti da tsumma in wanke, ga gero a aljihuna da 'yata ke zuba mini in kai musu.