Wasiyyar da Tela Ya Rubuta da Alli

Tela ya tsufa yana sa wa yadi alama da alli, kuma babu abin da yake gudu kamar maganar wasiyya. Tun da amininsa mai aski ya rubuta tasa, aka binne shi a makon, tela ya ɗauki takardar nan tamkar sammacin lahira. Da an ambace ta sai ya hau taka keken ɗinki da ƙarfi kamar bai ji ba.

Alhali ya san abin da ke ƙasa. Agolarsa, wadda ya riƙa tun tana rarrafe, mijinta ya rasu, ta dawo ɗakin bayan shago da 'ya'yanta. Ba ta da gado a wurinsa. Ɗansa na cikinsa kuwa ya daɗe yana auna shagon da ido.

Maƙwabcinsa mai gyaran takalma ne kaɗai ke iya tunkararsa. "Maigida, ka je wajen lauya mana, ko don yarinyar nan."

"Mutuwa kake kira mini? Ai na rubuta."

Ya ja shi ya nuna masa ƙyauren ɗakin baya. Da alli ya rubuta, da kyakkyawan rubutunsa: ɗakin nan da keken ɗinki na 'yata ne.

"Da allin da kake kaɗewa da hannu?" in ji maƙwabcin.

"In aiki ya lafa zan je."

Aikin tela kuwa yaushe ya taɓa lafawa?

Wata safiya almakashi ya suɓuce masa. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallamo shi daga asibiti, aka shimfiɗa masa katifa a shago, yana fuskantar ƙyauren. Kullum idonsa na kan rubutun, tsoro na cin sa.

Ran nan agolar ta fita sayo magani, sai ga ɗan ya shigo da bokiti da tsumma. Ya ce masu dubiya za su zo, bai kamata su tarar da ƙazanta ba. Ya goge teburi, ya goge taga, ya nufi ƙyauren.

Tela ya yi gurnani, ya yi ta bugun katifa da hannun da ya rage masa, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Ɗan ya waiwayo, jiƙaƙƙen tsumma a hannunsa.

"Sannu, Baba. Yi haƙuri, nan kaɗai ya rage."