Allon Aski a Kassalafam

Hamadu ba ya neman izinin kowa kafin ya zana fuskarsa, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Na yi masa faɗa ya fi a ƙirga. Sai ya ce, "Inna, hannuna ne, abin da ya sani yake yi."

A 2014 ya tsallako iyaka ya iso unguwarmu ta New Bell daga Gamboru, bayan 'yan bindiga sun ƙone garin. Na ba shi ɗakin da ke bayan gidana. A can Gamboru motocin ɗaukar kaya yake yi wa ado. A nan sai ya koma zana allunan masu aski, irin waɗanda ake jera kawunan maza a kai don mai zuwa ya zaɓi askin da yake so. Sauran masu zane daga jarida suke kwafa. Shi kuwa mutanen garinsu yake zanawa, da tsagarsu da giɓin haƙoransu.

Wata Talata ana yayyafi, wata mata ta faɗo gidana rungume da allo. Wani mai aski na unguwar Kassalafam na biye da ita yana haki, yana ihu da Faransanci wai ta cire masa allo. Sunanta Hawwa, 'yar Gamboru, tana sayar da kuɓewa a kasuwar Dakar ta nan garin. Ta ɗora yatsa a kan fuska ta uku.

"Haruna ne. Ɗana. Yaushe ya zauna ka zana shi?"

Hamadu na tsugune yana dama fenti. Bai ɗago ba.

"Kwana tara nake zama ƙofar shagon mai askin nan," in ji ta. "Na ce tunda an zana shi, a nan yake aski. Malam, wace unguwa yake? Ko fushi yake da ni, ka faɗa."

"Iya, ki zauna."

"Ba zan zauna ba."

Na kori mai askin zuwa zaure, na sa sakata.

"Bai zauna mini ba," Hamadu ya ce. "Da ka na zana shi. Tare muka gudo har bakin gada. Ni na rufe shi da rigata."

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tambaya ko Haruna ya yi magana kafin ya cika, aka ce a'a. Ta goge ruwan da ke kan allon da gefen mayafinta, ta fita da shi. Hamadu ya zana wa mai askin wani allon.

Na ce masa ya daina. Ya ce alluna goma sha huɗu ne tsakanin nan da unguwar Bali, kuma fiye da rabin masu fuskokin sun rasu.

"Wasu za su zo, Inna. Ki gaya wa matan unguwa, duk wadda ta gane nata, kada a bar ta ta zo ita kaɗai."