Ciyawar Tsohuwa da Fartanyar Surukina

A farkon shekarun tamanin ina karatun aikin gona a garin Greensboro, can ƙasar Turawa. Ni da maiɗakina mun gaji da ɗakunan haya na High Point Road, inda da zarar ka jefa daddawa a miya sai maƙwabcin sama ya hau dukan daɓe da ƙafa. Ga shi tana da juna biyu. Da ƙyar muka samu wani ɗan gidan katako a McLeansville, gabas da gari, babu kowa a samanmu, babu kowa a ƙasanmu, sai fili.

Mai gidan wata tsohuwar Baturiya ce. Mijinta ya rasu, ƙafa ta gaza mata, ta koma zama wurin ɗanta a cikin gari. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mana, shi ne ciyawar gaban gidan, wadda ta ce mijinta ya shuka da hannunsa, ya yi shekaru yana lallaɓa ta. Ta ce in mun kula da ita mu zauna har in gama karatu, in kuwa ta lalace ba ta da bakin kare mu a wurin ɗanta. Shi ɗan sayar da wurin yake so ya yi, kuma bai ɓoye ba. Duk Lahadi in sun taso daga coci sai ya biyo da ita ta ga ciyawar, shi kuma yana waige-waige yana neman abin da zai kafa hujja da shi.

A rumfar bayan gida na tarar da injin yankan ciyawar marigayin, irin wanda ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar tarakta. Tayoyi sun sace, ɓeraye sun yi sheƙa a ƙarƙashin kujera, tankin mai ya cika da tsatsa. Na tambayi ɗan ko zan iya gyara shi. Ya dubi injin, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shara ce, in na ga dama in kai bola. Wannan kallon shi ya ba ni haushi. Ni da na tashi a gidan kawuna mai injin niƙa, tun ina ƙarami hannuna a cikin baƙin mai yake, shi ne wani zai yi wa kallon wanda bai san sifana ba? A raina na ce sai ya ga wannan injin yana tafiya, ni a kai.

Ban taɓa shan wahalar wani ƙarfe irin wannan ba. Tankin na kwance shi, na zuba tsakuwa da kananzir na yi ta girgizawa har kafaɗuna suka yi tsami. Kafireta na jiƙa ta, na bi ƙofofinta da siririyar waya. Akwai wani noti da ya cije, na yi kwanaki ina ɗiga masa mai ina roƙonsa, daga baya na zage shi tas da Hausa, washegari ya kwance. Na wasa wuƙaƙen da magagari, na sake fulogi, na samo batir na hannu wurin wani mai tsofaffin ƙarafa. Ranar da ba ni da aji, ba ni da aikin ɗaukar kaya a sito can Wendover, to ina rumfar nan. Maiɗakina ta ɗinka wa kujerar riga da ragowar atamfa, ni kuma na shafe jikin da jan fenti. In na je Juma'a 'yan'uwa sai tsiya: "Injiniya, yaushe jirgin zai tashi?" In yi dariya a baki, a ciki kuwa ina cewa za ku gani.

Duk wannan lokacin da ɗan injin maƙwabci da ake turawa da hannu nake yankan ciyawar, yini guda ina gumi. Da aiki ya zo ƙarshe, saura bel mai juya wuƙaƙen kawai da aka yi mini odarsa, sai na daina aro. Da gangan na bar ciyawar ta ɗan yi tsayi, don ranar da zan hau injin a ga aiki ya fito. Tsohuwa ta yi magana, na ce ta ba ni 'yan kwanaki, akwai abin da nake so in nuna mata.

A daidai nan ne surukina ya iso daga gida don a duba masa ido. Baba manomi ne, bai san zama ba, kuma tsakanina da shi sai gaisuwa a durƙushe. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ci abinci a gabansa. Na lura yana yawan tsayawa a bakin ƙofa yana duban filin yana girgiza kai, amma bai ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Bel ya zo ana gobe makaranta za ta kai mu yawon ganin gonaki na 'yan kwanaki can wajen bakin teku. Na ɗaura shi, na murɗa makulli, injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, sannan ya kama. Wallahi har idona ya kawo ruwa. Amma an kwana ana ruwan sama, ciyawa jiƙe take, don haka na mai da shi rumfa na ce in na dawo.

Da na dawo, tun daga kan titi na hango ja. Na zaci na ɓata hanya. Daga bakin ƙofa har bakin kwalta babu ƙwayar ciyawa ko ɗaya, sai jar ƙasa fes, an share ta har ana ganin sawun tsintsiya. A gefe ga tarin saiwoyi an jibge sun fara bushewa. Baba yana zaune a kan tabarma a inuwa, kusa da shi ga wata fartanyar Turawa mai doguwar ƙota da ya samo a rumfa, ya datse ƙotar ta dawo daidai hannunsa.

Na tsaya da jaka a hannu. Abin da ke bakina yana da yawa. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yauwa, Malam, sannu da hanya. Na ga karatu ya sha maka kai. Gidan mutum da iyali, ciyawa har ta kai ƙauri? Maciji fa? Sauro fa? Baƙo ya zo ya ce ba kowa a gidan. Yanzu dai an ga ƙofa."

Na ce Allah ya saka da alheri, ya ce amin. Na ga tafin hannunsa duk ya yi kanta, dattijon da aka ce kada ya riƙa sunkuyawa saboda ido.

A kicin na sauke haushina, shi ma da raɗa, don kada ya ji. Na ce wa maiɗakina, "Ke kina ina aka yi wannan ɓarna? Ba a gabanki tsohuwar nan ta yi magana ba?"

Ta ce, "Ina cikin gida. Na ce masa masu gidan suna son abarsu, ya ce wane mai hankali ne ke son ciyawa. Ka taɓa jin na ce wa Baba bari? Kai da ka dawo, me ka ce masa?"

Na juya zan fita.

Ta ce, "Ai na ji ka. Sannu da aiki ka ce."

Ranar Lahadi suka zo. Tsohuwa ba ta ko fito daga mota ba. Ta sauke gilashi ta daɗe tana kallo. Ɗan kuwa ya fito yana ɗaga hannuwa yana tambayar wane mahaukaci ne ya yi wannan, amma ni na ga farin ciki a fuskarsa ƙarara. Baba yana tsaye a bakin ƙofa cikin babbar riga yana yi musu jinjina, yana jiran yabo. Na gode Allah da bai jin Turanci. Na ce ni ke da gidan, ni za a tambaya. Na ce zan sayo iri in sake shukawa, ɗan ya ce a wannan zafin ba abin da zai fito sai kaka, kuma gaskiyarsa ne, ni ma na sani, abin da nake karantawa ke nan. Na matsa jikin motar na ba tsohuwa haƙuri. Ta ce, "Haka mahaifiyata ke share tsakar gida muna yara. Amma wannan ba nata ba ne, na mijina ne." Daga nan ta ɗaga gilashi.

Ƙarshen wata aka ba mu mu tashi. Ciyawa fa! Abin da a garinmu ake tara gayya a nome a ƙone, shi ne za a tashi mace mai tsohon ciki a kansa. Na ji haushin ɗan, na ji haushin ƙasar da ake shuka ciyawa a ba ta ruwa don kawai a yanke ta, na ji haushin Baba, kuma shi ne kaɗai ban isa in nuna wa ba. Muka gaya masa za mu koma cikin gari ne don mu yi kusa da asibiti. Ya ce hakan ya yi.

Ranar tashi ɗan ya zo da akori-kura da katakai biyu, ya nufi rumfa. Na sha gabansa na ce wannan injin da ya kira shara, gumina ne. Ya ce kayan gidan ne, a gidan na same shi. Ya hau kujerar da aka yi wa riga da atamfar matata, ya murɗa makulli sau ɗaya, injin ya tashi ba ko tari. Ya tuƙa shi ta tsakiyar jar ƙasar nan, ya bi katakan ya hau bayan mota. Ban taɓa yankan ko tsinke da shi ba.

Baba yana tsaye kusa da ni da butarsa a hannu. Ya ce, "Malam, ai injin nan naka lafiyarsa ƙalau. Me ya sa ka rabu da shi?"

Na dubi ƙasa na ce, "Babu sauran ciyawa, Baba."

Ya waiwaya ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan, ya gyara hula. Ya ce, "Ai kuwa babu. Alhamdulillahi."