Sunan da Hannatou Ba Ta Kira Ba

Idan ka shiga gidan wankin nan na unguwar Al Quoz a Dubai, inda ake wanke zannuwan gado da tawul-tawul na otal, ka ce kana neman Hannatou, ba wanda zai tambaye ka wace Hannatou. Za su yi ɗan murmushi su ce, "Mai ɗiya mawaƙiya?" sannan su nuna maka can ƙurya wajen injin guga. Doguwar mace ce da ta ba hamsin baya, mutuniyar Damagaram. Hannunta ba ya hutawa, bakinta ma haka. Wanda ya san ta shekara uku baya ba zai yarda ita ce ba, domin a da sai ta wuni ba ta yi magana goma ba.

Ita ce 'yar fari a ɗakinsu. Har mahaifiyarta ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma taɓa yabonta a gaban mutane ba. In ta yi faɗa da 'ya'yan maƙwabta ita ake fara tsawatarwa, ko da ita ce mai gaskiya. Ranar da ta ci jarrabawar gama firamare mata suka yi ta guɗa a tsakar gida, uwar kuwa ta miƙa mata tulu ta ce ruwa ya ƙare. Amma duk ranar da aka yi miyar nama, Hannatou takan tarar da tsoka a binne ƙarƙashin tuwonta, inda ƙannenta ba za su gani ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, da kanta ta gane. Haka ake son ɗan fari a wurinsu, da kunya, a ɓoye, don kada a ce uwa ba ta da kara, don kuma kada bakin mutane ya kama yaro.

Ta yi aure, shekara goma sha ɗaya Allah bai ba ta haihuwa ba, daga baya mijin ya rasu. Ƙaninta Rabiou, mai saro kaya a kasuwar Al Sabkha ta Dubai yana aikawa gida, shi ya nema mata biza, ya kuma samo mata aikin reno a gidan wasu Girkawa. Maigidan yana aiki a kamfanin jiragen ruwa, matarsa Madam Vaso ita ma fita take yi tun safe. Ranar farko aka miƙo mata jaririya 'yar wata huɗu mai suna Fotini, tana ta tsala kuka. Hannatou ta kwance zani ta goya ta. Madam ta dafe ƙirji, a zatonta za a karya mata 'ya, sai ga jaririya ta yi lamo ta kama barci, hannunta riƙe da gefen mayafi.

Tun a ranar zuciyar Hannatou ta yanke hukunci ba tare da ta shawarci kowa ba: wannan ce 'yar farinta. To, 'yar fari kuwa ba a kiran sunanta. Ta tambayi ranar da aka haife ta, aka ce Asabar, ta laƙaba mata Asabe. Mutanen gidan suka ɗauka harshenta ne ya kasa juya sunan, suka yi dariya suka ƙyale ta. Da bakin yarinyar ya buɗe ta riƙa ce mata Nana.

Waƙa kuwa a bayan Hannatou aka sha ta. Tana guga tana rera waƙoƙin daka na garinsu a hankali, goyo yana saurare. Kafin Fotini ta shekara biyar ta iya bin kowace gaɓa, kafin ta shekara goma iyayenta sun ɗaukar mata malamar waƙa ta koya mata na ƙasarsu. Sai dai duk sabuwar waƙar da ta koya, kicin take fara kai ta. Ta tsaya bakin ƙofa ta rera har ƙarshe, sannan ta ce, "Nana, ya kika ji?"

Tsigar jikin Hannatou takan tashi, idonta ya ciko. A zuci ta ce tubarkalla sau uku. A fili kuwa sai ta juya wa yarinyar baya ta ce, "Wanke hannu ki zo ki ci abinci."

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar Hannatou an horar da ita tun tana ƙarama. Yabon da ta hana bakinta sai ta zuba shi a kwalba. Rabiou yana samo mata zumar gida, ta daka citta da kanumfari ta haɗa, ta yi addu'a ta tofa, ta ajiye a gefen gadon yarinyar duk ranar da za ta yi waƙa a makaranta. Ba ta taɓa cewa ita ta ajiye ba. A ganinta Asabe ta gane, yadda ita ma ta gane tsokar ƙarƙashin tuwo. Ta manta cewa yarinyar a gidan da ake rungume 'ya'ya ana sumbatar su ta tashi, gidan da ko zanen banza yaro ya yi sai an manna shi a jikin firij.

Fotini na da shekara goma sha tara ta tafi Atina, babban birnin ƙasarsu, ta shiga gasar waƙa ta talabijin, irin wadda alƙalai huɗu suke zama a gaba, 'yan kallo kuma su zaɓi gwaninsu ta waya. Duk mako ana sallamar mutum ɗaya, duk mako tana tsallakewa. Madam takan sake kunna shirin da safe a falo, ta kira Hannatou ta zo ta zauna. Ina! Sai dai ta ɗauko tsumma ta yi ta goge teburin da ba shi da ƙura, kunnenta na can. Shekara goma sha tara a gidan sun sa tana jin yaren Girka sarai, ko da ba ta iya mayarwa sosai. A watannin nan ba Litinin ko Alhamis da ta wuce ta ba azumi.

Da ya rage saura mutum uku, gidan talabijin ya turo ma'aikata Dubai su ɗauki gidan da Fotini ta tashi. Ita ta rako su. Ita ce kuma ta dage sai an ɗauki Nana, ta gaya musu a bayan wannan matar ta fara jin waƙa. Aka kafa fitilu a kicin, aka zaunar da Hannatou a kujera, aka maƙala mata abin ɗaukar magana a wuyan riga. Fotini ta tsaya bayan mai kyamara, hannayenta a haɗe a ƙirji, tana murmushi. Shekara goma sha tara take jiran wannan rana.

Matar da ke tambaya ta ce, "Mece ce Fotini a wurinki?"

Hannatou ta dubi kyamara, ta tuna an ce mutum dubu dubbai za su kalla. Bakin mutum ɗaya ma yaya aka ƙare, balle na ƙasa guda, ga shi saura mako ɗaya a yi wasan ƙarshe? Kuma ita da girmanta ta zauna gaban duniya tana yabon 'yar farinta? Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

"Yarinyar gidan da nake aiki ce," in ji ta.

Matar ta yi dariyar yaƙe ta sake gwadawa. "Amma ai kina alfahari da muryarta?"

"Yara da yawa suna waƙa."

Mai kyamara ya waiwaya ya dubi Fotini, ita kuwa murmushin yana nan a fuskarta, ta kasa sauke shi. Aka kashe fitilu aka naɗe wayoyi. Hannatou ta tashi da sauƙin zuciya, a ganinta ta tsare ɗiyarta daga baki, ta kuma tsare mutuncinta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Da yamma ta haɗa zuma kwalba guda, ta naɗe ta a tawul, ta cusa can ƙasan akwatin Fotini ƙarƙashin kaya. Washegari ta dawo daga shanya ta tarar mota ta tafi filin jirgi, ba sallama. Kwalbar tana kan teburin kicin, an ninke tawul ɗin an ajiye a gefenta.

Iyayen suka bi Fotini zuwa Atina don wasan ƙarshe. Hannatou ta kalli shirin washegari da hantsi a unguwar Al Warsan, a wayar ƙawarta Muniratu, 'yar zangon Kumasi mai aikin gyaran gashi. An nuna uba, an nuna uwa, an nuna malamar waƙa, ba a nuna kicin ba. Kafin waƙar ƙarshe mai gabatarwa ya tambayi Fotini wa take yi wa wannan waƙa. Ta ce, "Akwai wadda tun ina ƙarama nake yi wa waƙa don in ji kalma ɗaya daga bakinta. Makon jiya na gane aikinta kawai take yi. Yau kaina zan yi wa." Jama'a suka yi ta tafi.

Muniratu ba ta jin yaren, ta ce, "Yaya, me ta ce? Ta gaishe ki?"

Hannatou ta fassara mata kalma bayan kalma. Da ta kai ƙarshe ne ta zame daga bakin gado ta zauna a ƙasa, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu. Ta biyu Fotini ta zo a gasar, amma wannan sai daga baya Hannatou ta sani.

"Ei, Yaya, kin yi ɓarna," in ji Muniratu da ta ji labarin kicin. "Wannan kunya taku ta gida ai sai wanda ya san ta. 'Yar Turawa ina za ta sani? Yalla, maza ɗauki waya ki gaya mata, khalas, shi ke nan."

"Muni, vraiment, da gaske ban san ta inda zan fara ba."

"Ki fara da sunanta."

Kwana uku tana juya maganar. A na huɗu ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta danna wurin ɗaukar murya. Harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. "Fotini," ta ce, karo na farko a rayuwarta. Ta ba ta labarin uwar da ba ta taɓa kiran sunanta ba, da tsokar ƙarƙashin tuwo, da azumin Litinin da Alhamis. Ta ce mata tun ranar goyon farko ita ce ɗiyarta, kuma ba ta taɓa jin murya irin tata ba. Saƙon ya tafi, ya isa, ba a buɗe ba. Magana zarar bunu ce, ta kicin ta riga ta fita.

Bayan wata biyu maigidan ya koma da aikinsa ƙasarsu, aka kwashe kaya aka rufe gida. Madam ta rungume Hannatou tana hawaye, ta ce ta yi wa yarinyar magana, amma a ba ta lokaci. Rabiou ya ce ta koma Damagaram ta huta, ta ƙi. A nan Dubai aka san inda take, in an tashi nemanta. Ta karɓi aikin guga a Al Quoz, ta kama gado a ɗakin su Muniratu.

Shekara biyu ke nan. Fotini ta zama mawaƙiya sosai, waƙoƙinta suna fitowa, Hannatou kuma ba wadda ba ta haddace ba. Lokacin cin abinci takan fito da waya ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, 'yan Nepal da 'yan Bangladesh da 'yan Uganda, tana nuna musu. "Ɗiyata ce," take cewa. "Fotini. Ku ji murya, don Allah ku ji murya! Ni na goya ta." Su dubi farar yarinyar da ke cikin waya, su dubi Hannatou, su gyaɗa kai don kada ta ji haushi. Duk yabon da ta tara na shekara goma sha tara a kunnen waɗanda bai dama ba yake ƙarewa.

In ta gama zagayen sai ta koma gefe ta buɗe saƙon nan ta duba. Har yanzu ba a saurara ba. Ta mayar da waya aljihu, ta jawo zanin gado na gaba ta shimfiɗa a kan injin.