An Ɗauki Waƙar Gwaggo Hajo, An Zubar da Sunayen

Bana shekara arba'in ke nan da muka rufe Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, a Gangara, cikin farin da ya cinye mana shanu. Har yau in na ji ƙarar dutsen niƙa, muryarta nake ji.

Gwaggo ba ta ga yaƙi ba. Kakarta ce ta gani, lokacin da danginmu suka watse suka yi arewa, can inda yanzu ake kira Nijar. Abin da Gwaggo ta gada waƙar niƙa ce, kowane baiti da sunan mutum ɗaya da ya faɗi a hanyar gudu, ba a samu yi masa sutura ba. A gidanmu mace ba ta tashi daga kan dutse sai ta kira su duka, ko da gari ya riga ya yi laushi.

Da fari ya yi tsanani, gero ya ƙare, sai ta koma niƙa 'ya'yan anza, masu ɗacin nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki. Na ce ta huta, tunda numfashi ma da ƙyar take yi. Ta harare ni. "Yunwa munka ji, ba mantuwa ba. In ni bari, wa ka kiran su?"

Yau ga mu a warwatse kuma, 'yan bindiga sun kore mu, wasu garin Isa, wasu ƙetaren iyaka. Jikanta Sani, da ya tashi a birni, ya ɗauki waƙar ya sa mata kiɗan zamani, ana casu da ita a gidan biki. Sunayen kuwa ya cire su kaf. Da na tuhume shi sai ya ce, "Baba, sunaye ba su rawuwa."

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Me Gwaggo za ta ce in ta ga ana juya ƙugu a kan makokinta?

Karin waƙar dai ya tsira, yana yawo a wayoyi. Mutanen da aka yi ta dominsu fa? Cikin fushi na zaunar da Sani in jera masa su. Na kira Maigari, na kira Tanko, sai na tsaya. Wanda ke bin Tanko ya ɓace mini, kuma duk waɗanda zan tambaya suna kwance kusa da Gwaggo.