Ruwan da Ya Dawo a Nansha

Illa mutumin Maraɗi ne, kuma ko a Guangzhou ta ƙasar Sin bai bar kowa ya manta da haka ba. Ya daɗe yana sarin kayan yara a kasuwar Shisanhang yana lodawa a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Yana da kirki, sai dai taurin kai. In ya ce nan ne gabas, to ko rana ma sai dai ta yi haƙuri. Abokinsa ɗaya ne, Iliasu, ɗan zangon Accra mai harkar jigilar kaya, wanda Allah ya ba juriyar zama da shi.

Wata Lahadi suka je Nansha, inda kogi ke shiga teku, don duba wani sito. La'asar ta yi, ba famfo a kusa. Iliasu na kan waya, Illa ya hango ruwa can nesa, tsakaninsu filin laka ne shimfiɗe kamar daɓe. Ya tuɓe takalmi ya nufi wajen zai yi alwala.

Ga abin da ya cuce shi. A Maraɗi in gulbi ya janye, ya tafi ke nan sai wata damina, har shuka ake yi a cikinsa. Bai taɓa kawowa a ransa akwai ruwan da ke tafiya da hantsi ya komo da yamma ba.

Ya yi nisa sai ƙafar dama ta nutse har gwiwa. Ya dogara da ta hagu zai zare, ita ma ta bi.

"Malam Illa, daina motsi, kwanta rub da ciki," Iliasu ya ɗaga murya daga tudu. "Ruwa na dawowa."

"Wane ruwa? Ko hadari babu."

Illa ya ɗaga kai. Ruwan da ya fito nema ya taho da kansa, shiru, ta gaba da ta gefe.

Iliasu ya jawo wani katako daga sito, ya rarrafo a kansa. Da hannu ya yi ta tonon laka har ya zaro ƙafafun Illa, ya kwantar da shi a kan katakon. Garin turawa shi kuma Iliasu ya nutse har ƙugu, ga katakon mutum ɗaya yake ɗauka.

"Je ka kira mutane, ɗan'uwa," in ji Iliasu. "Ni na saba da ruwa."

Illa ya ja ciki har tudu, ya ruga wurin masu gadin siton. Kafin su fahimce shi su zo da igiya, ba laka ba mutum, ruwa ne kwance har bakin hanya. Ya yi ta kiran sunan Iliasu har muryarsa ta dushe.

Shi aka bar wa sanar da Hamdia, matar Iliasu, a Accra. Ta ɗauki wayar da fara'arta.

"Malam Illa, sannu da aiki. Ina abokin naka, ko ya manta da mu ne?"